Faifan Baffa a Gonar Shinkafa

Takalma na fara gani. Na dawo daga makaranta da azahar, na shiga zaure, sai ga wasu manyan takalma baƙaƙe a bakin ɗakin baƙi, laka ta bushe a gefensu. A gidanmu kowa yana tuɓe takalmi ya bar shi yadda ya shiga, hancinsa yana kallon ɗaki. Waɗannan an juya su suna kallon ƙofar waje, an jera su daidai, kamar mai su ba ya son komai ya ɓata masa lokaci in ya tashi tafiya. Na tsaya ina kallonsu har Inna ta hango ni ta ce in shigo in gaida Baffa.

Baffa ƙanen Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne autansu. Ina da shekara huɗu ya bar Haɗeja ya tafi Legas, ga shi ya dawo ina aji ɗaya na babbar sakandare. Abin da na sani game da shi kaɗan ne. Makaɗi ne, kuma duk wanda zai faɗi hakan a gidanmu sai ya rage murya. Zuriyarmu ta masu shanu ce, ko da yake yanzu bakwai suka rage kuma shinkafa ce ke riƙe da gidan. Goggo, babbar yayarsu da ke zaune a sashen bayan namu, takan ce ba mu gaji kiɗa ba, wajen biki ma mu ne ake yi wa, ba mu ne masu yi ba.

Na durƙusa na gaishe shi. Ban ɗaga kai ba, don haka hannunsa na gani. Yatsu biyu na hannun dama sun yi kanta a gefe, fata mai kauri kamar ta mai jan guga. Na hannun hagu kuma bakinsu ya baje, ya yi tauri. Na san hannun Baba, na san abin da lauje da igiyar injin ban ruwa suka yi masa. Wannan ma hannun aiki ne, sai dai ban san wane aiki ba.

Ya yi rabon tsaraba. Atamfa ga Inna da Goggo, turare ga Baba, ni kuma jakar makaranta. Daga ƙarshe ya jawo wani ɗan kwali ya ajiye a gaban Baba da hannu biyu. Faifai ne guda goma, kowanne a cikin gidansa na roba. A jikin murfin akwai hotonsa, yana tsaye ya jingina da wani ƙaton abin kiɗa na katako, mai kama da goge amma ya fi shi tsayi. Ya ce sunan abin bas, irin kiɗan kuma ana ce masa jaz. Kiɗa bakwai ne a ciki, duk shi ya tsara su, shi ne jagoran mutum huɗun da suka yi aikin tare da shi. Shekara biyu suka yi suna yi.

Goggo ta ɗauki ɗaya ta nisanta shi da idonta. "Auta, wannan ce matar da muke ta jira? Ai kuwa ta yi ƙiba."

Aka yi dariya, har da shi.

Babu abin sa faifai a gidanmu. Wanda muke da shi ya lalace tun ina firamare, babu wanda ya nemi wani, kowa ya koma waya. Saboda haka Baffa ya tura kiɗan cikin wayar Baba, wata ƙarama da yake ɗaure bayanta da roba. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya. Baba ya zauna, Goggo ta zauna, Inna tana daga bakin madafa tana tsince shinkafa. Ni na raɓe a jikin randa. Baffa ya zaɓi kiɗa na uku, ya ajiye wayar a tsakiya, ya koma gefe ya naɗe ƙafafunsa kamar ɗalibin da zai ba da hadda.

Da farko babu abin da ya fito sai ɗan shuu-shuu da wani ƙas-ƙas a hankali. Baba ya ɗaga wayar ya duba ko ta mutu ne. Can aka fara wata busa mai kama da algaitar da mura ta kama, fiyano yana bin ta. Muka saurara kusan minti uku.

"To," in ji Baba, "yaushe za a fara waƙar?"

"Babu waƙa, Yaya. Kiɗa ne zalla."

"Babu baiti ko ɗaya? Wa ake yi wa?"

Kafin Baffa ya amsa, Baba ya nuna wayar da yatsa.

"Mai busar nan kai ne?"

"A'a."

"Mai gangar?"

"A'a, Yaya."

"To kai ina kake a ciki?"

"Nawa yana can ƙasa. Wayar ce ba ta iya fitar da shi."

Goggo ta tafa hannu. "Na kowa ya fito, naka ne waya ta raina? Shekara goma sha ɗaya a Legas, ashe jaka kake riƙe musu. Sun dai yi maka kara sun sa hotonka."

Baba bai yi dariya da ƙarfi ba. Murmushi ya yi, ya kashe wayar, ya ce Allah ya sa albarka, sannan ya tambayi Baffa ko ya ga yadda ciyawar kacalla ta cinye bakin kogi a hanyarsa ta shigowa. Murmushin ya fi dariyar Goggo ɓata mini rai. Irin wanda ake yi wa yaro ne idan ya kawo motar da ya ƙera da kara. Na ga yatsun Baffa biyu suna motsi a kan gwiwarsa, suna bin kiɗan da aka riga aka kashe. Babu wanda ya lura sai ni, ni kuma ban ce komai ba. A aji ma in malama ta kira ni, sai ta matso kusa kafin ta ji amsata.

Washegari Asabar ce. Inna ta ba ni dashishi da man shanu in kai masa ɗakin baƙi. Na ajiye zan fita, ya ce, "'Yata, tun jiya kike kallon hannuna. Zo ki ji abin da ya mayar da shi haka."

Ya ɗauko wani babban abin saƙalawa a kunne, mai maɗauri ta saman kai. Ya ɗora mini a kan hijabi, ya sa kiɗa na ukun nan.

Wurin da jiya muka ji shuu-shuu, ashe ba fanko ba ne. Shi ne a wurin, shi kaɗai, kusan minti guda. Sauti ne mai kauri, mai tafiya a hankali, yana hawa uku ya sauka biyu, ya tsaya kamar mai jiran wani, ya sake ɗauka. Ina jin yatsa yana jan tsirkiya, ina jin katakon yana amsawa, har numfashinsa ina ji. Da masu busa da ganga suka shigo, a kansa suka tsaya, yadda rumfa take tsayawa a kan dirka.

Kuma na san sautin. Tun kafin ya zagayo na biyu na gane shi. Shi ne abin da Baba yake yi a maƙogwaronsa, baki a rufe, idan yana ɗura wa injin ban ruwa ruwa kafin ya ja igiya, ko idan yana sosa wa tsohon bijiminmu wuya. Bai san yana yi ba. Da ya ga mutum sai ya daina.

Na cire abin na ce, "Na Baba ne."

Baffa ya dube ni sosai. "Yana yi har yanzu?"

Na gyaɗa kai.

"Na kakanki ne," in ji shi. "Da shi yake ƙetarar da shanu kogi idan ruwa ya fara cika, don kada su firgita. Yaya yana gaba da sanda, ruwa iya ƙirjinsa. Ni ƙarami ne, ina kan wuyan Babanmu, na riƙe kansa. Ban taɓa jin abin nan da kunne ba. A cikina nake jin shi, yana fitowa ta ƙeyarsa. Na yi shekaru ina neman abin kiɗan da zai yi mini haka."

"Ka ba Baba wannan ya sa."

Ya yi dariya. "In ce wa yayana ya cire hula in ɗora masa abu a ka? A gaban Goggonki?"

"To ka gaya masa."

"In na gaya masa zai ce Allah ya jiƙan Baba, ya shafa fatiha. Ba abin da nake so ke nan ba. So nake ya ji da kansa, in ga fuskarsa." Ya jawo kwanon dashishi. "Bar shi kawai. Ke kin ji, ya isa."

Bai isa ba. Na fita ina jin haushinsa shi ma. Mutum ya yi shekara biyu yana aiki, ya yi kwana biyu a mota, sannan hula ta hana shi. Na ɗauki wayar Baba lokacin da yake alwala, na sa ta cikin tukunyar ƙasa da babu komai a ciki, ko za ta ƙara mata kauri. Busar ce kawai ta ƙara ƙarfi. Goggo ta leƙo ta katanga ta ce ko aljanun tukunya nake yi wa wasa. Na mayar da wayar.

A lokacin shinkafa ta yi nauyi, saura kamar mako biyu a yanke, kuma tsuntsayen jan baki sun sauko. Duk wanda ya yi noma a fadamarmu ya san su. Suna zuwa kamar hayaƙi, in suka sauka a gona na ɗan lokaci sai dai ka tarar da ƙaiƙayi. Baba tun asuba yake fita, yana kaɗa gwangwani yana jan igiyoyin da aka ɗaura wa leda, har muryarsa ta dushe. Ranar Lahadi Inna ta ce in kai masa abinci, Baffa ya ce zai raka ni, yana son ganin kogi.

Muka bi ta kan gaɓa. Ruwan ambaliya ya ja baya ya bar laka mai tsagewa, masunta suna shanya taru, wata mata tana ƙona kifi a rabin ganga. Baffa yana ta tambayata sunayen masu gonaki, ina amsawa da kalma ɗaya ɗaya. Tun daga nesa na hango wani abu yana walƙiya a gonarmu, yana ɗaukar ido yana saki. Na ɗauka madubi ne.

Faifan ne. Duk goman. An zare su daga gidajensu, an zura igiya ta ramin tsakiya, an rataye su a kan sanduna daga wannan kunya zuwa waccan. Iska tana juya su. In wannan fuskar ta juyo sai hasken rana ya tsartu, in waccan ta juyo sai ka ga sunan Baffa da ƙananan rubutu. Ɗaya ya riga ya faɗi a laka.

Baba ya taho yana share gumi, fuskarsa a sake, ban ga ya yi farin ciki haka ba tun da tsuntsayen suka zo.

"Auta, kayan nan naka sun yi amfani. Tun safe ko ɗaya bai sauka a ɓangaren nan ba. Maƙwabcina har yana tambaya ko akwai saura."

Na kalli Baffa. Ya daɗe yana kallon faifan da ke cikin laka. Sannan ya ce, "Madalla, Yaya. In na koma zan aiko da wasu."

"Ai kiɗan yana cikin waya, ko? Ba a yi asarar komai ba."

"Ba a yi ba."

Na dire kwanon abincin da ƙarfi har miya ta zuba a murfi. Baba ya ce, "Uwata, lafiya?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Na ce lafiya. Kunnuwana suna zafi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baba ba mugunta ya yi ba. Da mugunta ce da na san inda zan ajiye ta. Ya ga abu mai ƙyalli da babu na'urar sa shi, ga tsuntsaye suna cin abincin shekara, ya yi abin da kowane manomi a fadamar nan zai yi. Kuma yana tsaye a wurin, yana ɗaure bakin igiya, sai na ji ya fara abin nan a maƙogwaro, hawa uku sauka biyu, a ƙarƙashin faifan da ke ɗauke da shi. Baffa ya juya baya ya nufi bakin ruwa.

Na tsinci wanda ya faɗi, na goge shi da gefen hijabina, na sa a jaka. Da muka iso gida ya gaya wa Inna cewa wani aiki ya taso, ranar Talata da safe zai koma, maimakon Juma'ar da ya ce. Inna ta ce ai bai huta ba. Goggo ta ce masu jaka sun kira. Na tuna takalman nan da ke kallon ƙofa. Na san in ya tafi a haka, aike zai riƙa yi, ba zai sake zuwa ba.

Ranar Litinin mai adaidaita ya zo ɗaukarmu makaranta. Dattijo ne mai furfura a gemu, shekara uku yana kai mu ni da 'yan mata uku na unguwarmu, kuma ban taɓa ce masa komai ba bayan ina kwana da sai anjima. Na tsani adaidaitarsa. Ya sa wata ƙatuwar sifika a ƙarƙashin kujerar baya, akwatin katako da ya ce a Kano aka haɗa masa, yana ji da ita kamar ɗiyarsa. In ya kunna waƙoƙin biki kujerar har rawa take, kana jin dukan a cinya da ciki, haƙoranka suna kaɗawa. Kullum da ciwon kai nake sauka.

Ranar muna wuce kasuwar kifi ya kunna, kujerar ta fara rawa, sai na tuna maganar Baffa. A cikina nake jin shi.

Na yini a aji ban fahimci komai ba. Da aka tashi na bari sauran suka sauka a ƙofar gidajensu, saura ni kaɗai. Tun ranar Asabar Baffa ya sa mini kiɗan a wani ɗan memori, yana cikin aljihun jakata. Na fito da shi, na miƙa ta saman kafaɗar direban.

"Baba direba, don Allah na uku."

Ya waiwayo. "Ashe kina magana, Hajiya ƙarama? Na ɗauka sai an saka miki kati."

Ya gangara gefen titi ya sa. Kujerar ta ɗauka tun daga bugun farko. Ya shigo ta ƙafafuna, ya hau bayana, ya zauna a cikina. Ƙarfen da nake riƙewa yana amsawa a tafin hannuna. Direban ya ƙara murya, ya ɗora hannu a kan akwatin ta baya kamar mai taɓa goshin mara lafiya.

"Wannan wa ya yi?"

"Baffana."

"Kai. Shekara huɗu da sifikar nan, yau ta samu abincinta. Amma ba a waƙa?"

"Ba a yi."

"To ai shi ke nan, ba ya zagin kowa." Ya saurara har busar ta shigo. "Wannan na ƙasan shi ne mai gidan. Sauran duk 'yan haya ne."

Na kusa yin kuka don haushi. Mutumin da bai san Baffa ba, bai san kakana ba, ya gane a minti biyu a bakin titi. Na ce masa gobe da safe shi Inna za ta kira ya kai baƙo tasha, ya riƙe memorin, in na ɗaga masa hannu ya sa na uku. Ya ce an gama.

Talata da hantsi adaidaita ta tsaya a ƙofar gida. Na sa kayan makaranta amma na ce wa sauran 'yan matan su tafi da wani, zan biyo baya. Baffa ya fito da jakarsa, ya zura takalmansa ba tare da ya juya su ba. Inna ta ba shi ƙullin soyayyen kifi da shinkafa 'yar gida. Goggo ta ce ya gaida matar katako, amma na ga tana goge ido da bakin mayafi. Baba ya dawo daga gona musamman don sallama, lauje a hannu, laka har gwiwa. A al'adar gidanmu babba ba ya raka ƙarami tasha. Iyakarsa ƙofar zaure, ya yi addu'a, ya juya.

Ya yi addu'ar. Baffa ya durƙusa, ya tashi, ya shiga baya ya zauna a gefe ɗaya, jakarsa a kan cinya. Rabin kujerar babu kowa. Direban yana kallona ta madubi. Baba ya riga ya juya, yana cewa tsuntsaye ba sa jiran mutum.

Ban taɓa tsayar da Baba ba a rayuwata. Na sha gabansa, na riƙe ƙotar laujen. Goggo ta ce, "Ke, lafiyarki?" Ban kalle ta ba. Haushin kwana huɗu ne ya buɗe mini baki, muryata ta fito da ƙarfin da ban san ina da shi ba, har mai shagon da ke kallonmu ya ɗago.

"Uwata, mene ne?"

Na ɗaga wa direban hannu.

"Baba, ba sai ka je tasha ba, ba sai ka cire hula ba. Ka ba ni laujen in riƙe maka. Don Allah ka shiga ka zauna kusa da Baffa, ka jingina bayanka da kujerar, minti ɗaya kawai."